Wuyan Riga da Wuyan Ɗaki

Duk wanda ya taɓa kai yadi wurin tela ya san inda ido ke fara sauka ranar karɓar ɗinki. Kafin a duba aljihu ko kalmasar ƙasa, wuya ake ɗagawa. In wuya ya zauna, riga ta zauna. In kuwa ya karkace ko da faɗin yatsa ne, komai tsadar shaddar, mai ita zai wuni yana gyara kafaɗa.

Ɗaki ma yana da wuya, wato inda bango ya haɗu da silin. Adon da ake zagaya wa wannan wuri, wanda masu sana'ar ke kira konis, na katako ne ko na fiyofi, shi ne aikin wuyan ɗaki. Ban san nauyinsa ba sai lokacin da yayana yake ƙarasa gidansa a Kano, na wuni biyu a falonsa ina kallon wani dattijo da yaransa suna aiki. Tun da ya zazzage buhun kayansa nake ganin teburin tela.

Tela da tef da alli yake farawa, shi ma haka. Ya ɗauko doguwar tiyo siririya wadda ake ganin cikinta, ya cika ta da ruwa, ya riƙe baki ɗaya, yaronsa ya kai ɗayan kusurwar can. Ruwa ba ya son kai: inda ya tsaya a nan, nan zai tsaya a can. Suka yi alama a kusurwa huɗu, sannan suka turbuɗa zare cikin bula, suka miƙe shi tsakanin alamomin, ya ja tsakiyarsa ya saki. Zaren ya mari bango, shuɗin layi ya fito ɗoɗar. Da muka ɗaga kai, sai ga silin ɗin da muke zaton daidai yake ya sauko a gefe guda. Yayana ya ce, "Baba, ni da ido ban ga wannan ba." Dattijon ya ce, "Alhaji, ido ya san kima, amma ba mudu ba ne."

Daga awo sai yanka. Almakashin wannan sana'a shi ne zarto da wani ɗan akwatin katako mai tsage-tsage a gefe, inda zarton ke bi ya yanka a kan digiri 45. Guda biyu masu 45 in sun haɗu su ne 90, kusurwar ɗaki ke nan. Sai dai da wuya ka sami ɗakin da magini ya tsayar da kusurwarsa cif a kan 90. Wata 88 ce, wata 92. Shi ya sa dattijon yake auna kowace kusurwa ita kaɗai, ya raba biyu. In ya sami 92, kowane ɓangare ya sha 46. Tela nagari ma ba ya ɗinka wa wa da ƙane riga da awo ɗaya don kawai uwarsu ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake kifa konis ɗin kafin ya yanka. Shi konis ba ya kwanciya a jikin bango. Jingina yake yi tsakanin bango da silin, bayansa da rami, galibi a karkace da digiri 38 ko 45. Don haka a cikin akwatin, gindin akwati ne ke zama silin, gefensa ya zama bango, sama ta koma ƙasa. Nan take na tuna yadda tela ke ɗinka riga a baibai, sai an juya ta kyanta ya bayyana. Wanda bai saba ba, a nan yake asarar kaya, ya yanka dama a matsayin hagu. Dattijon kan gwada da guntaye biyu tukuna, ya ɗora su a kusurwa ya ga bakinsu ya haɗu, kafin ya taɓa dogon.

Allura da zare kuwa sun danganta da irin kayan. Na katako gam yake so da ƙananan ƙusoshi, a buga da guduma ko bindigar ƙusa mai aiki da iska. Na fiyofi da ɗan'uwansa ake liƙa shi: a kwaɓa garin, a tsoma filas, wato zaren nan mai kama da na rama, a cusa ta baya ya riƙe. Garin nan ba ya jira, cikin 'yan mintuna yake sandarewa, shi ya sa ake kwaɓa shi kaɗan-kaɗan a roba, gwargwadon abin da hannu zai cinye. Daga ƙarshe wuƙar shafe da samfefa su bi mahaɗa su share, kamar yadda masu bugu ke fito da ƙyallin shadda bayan ɗinki.

Akwai ɗaki ɗaya a gidan da wani ya riga ya yi kafin a kira dattijon. Shi wancan da zarto kawai ya zo. Kusurwoyinsa suka wage baki, ya cika su da kwaɓi ya shafe. Ranar da ya gama ba wanda ya ga aibu. Hunturu na shigowa, katako ya bushe ya tsuke, cikon ya tsage, har yau in ka kwanta a ɗakin nan idonka can yake tafiya. Guga ba ta taɓa gyara rigar da aka yanka ba daidai ba.

Saboda haka nake roƙon duk mai shirin yi wa ɗakinsa wuya, kafin ya tsaya cinikin kuɗin aiki, ya ce wa mai aikin ya buɗe buhunsa. In ya ga tef da tiyo da zaren bula da akwatin yanka da abin auna kusurwa, ya miƙa masa ɗakin da kwanciyar rai. Riga in ta ƙi zama, a ninke ta a sa a akwati. Ɗaki kuwa a cikinsa za ka kwana, ka tashi, ka karɓi baƙi shekara da shekaru.