Gyaran jijiyar jini ba tare da fiɗa ba

Idan hatsarin moto, wuƙa ko harsashi ya yaga jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya, ba kullum ake fiɗa ba. Likita kan zura siririn bututu ta jijiyar saman cinya, yana bin sa a hoton radiyo har bakin raunin, ya yi faci daga ciki da ragar ƙarfe mai rufi, ko ya toshe reshen da ke zuba.

Sai dai jini na iya daskarewa cikin ragar, wurin hudar ya kumbura, ko ruwan ɗaukar hoton ya taɓa ƙoda. Bayan sallama, in ƙafa ko hannu ya yi sanyi ko ya sage, a koma asibiti nan take: bayan kimanin awa 6 babu jini, tsoka kan mutu.