Wa Za Mu Naɗa Sarkin Ƙofa?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka taimake ni da ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi wa 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta magana bisa wani abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya, har na yi wata uku ina bin diddiginsa.

Ran nan na sayi data ta wata guda, na haɗa kwamfutata da waya don in aika da takardu biyu na ofis. Na aika, na bar ta a kunne, na tafi cin abinci. Ko da na komo sai na tarar data ta ƙare ƙarƙaf. Na yi ta zargin kamfanin waya, ashe alhakinsu na ɗauka. Da wani abokin aikina ya duba, sai ya nuna mini wata manhaja da na saka bara don buɗe takarda guda, na manta da ita. Ita ce ta ga hanya a buɗe, ta fita ta yi ta jido kaya ba ko sallama. Hasarar kuɗin ba ta dame ni kamar wannan tunani ba: wanda ya iya shigo da kaya ba da sanina ba, ai ya iya fita da su. Cikin kwamfutan nan kuwa akwai lissafin albashin mutane, da wasiƙun da aka ba ni amana.

Maganin wannan shi ne abin da Turawa ke kira fayawol, watau katangar tare gobara. Ni dai a ganina sunan bai dace ba, gama katanga ba ta tambayar kowa. Ya fi kama da Sarkin Ƙofa na biranenmu na dā, wanda ke zaune bakin ganuwa yana duban mai shiga da mai fita. Kwamfuta ma tana da ƙofofi masu lamba, har 65,535, ko wace sana'a da tata. Yawancin shafuffukan intanet na yanzu ta ƙofa mai lamba 443 su ke bi.

To, ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Wani zai ce, "Ai kwamfutata ta zo da nata mai gadi." Gaskiya ne. A watan Agusta na 2003 wata cuta mai suna Blaster ta bazu duniya, tana shiga kwamfuta ta ƙofa mai lamba 135 ba tare da mai ita ya taɓa kome ba. Shekarar da ta biyo, 2004, kamfanin Microsoft ya gyara mai gadin Windows XP, ya sa ya zama a kunne tun daga farko. Amma fa baƙo ya ke tsarewa. Tun daga Windows Vista yana da ikon hana fita, sai dai yadda ya ke zuwa, duk manhajar da ke cikin gida tana fita abinta, im ba kai ka zauna ka rubuta masa doka ba, rubutun dokar nan kuwa ba aikin kowa ba ne. Na kwamfutocin Mac ma masu shigowa kaɗai ya ke dubawa. Alhali kuwa da ɗan gari a kan ci gari.

Saboda haka tambaya ta fari ga mai zaɓe ita ce: mai gadin nan yana duban masu fita, yana kuma sanin ko wace manhaja da sunanta? Wanda ƙofa kaɗai ya sani ba shi da amfani a nan, don mai gaskiya da ɓarawo duk ta 443 su ke fita.

Ta biyu ita ce wadda ta fi ba ni wahala, watau halinsa. Akwai mai gadi mai yawan tambaya, akwai mai shiru. ZoneAlarm, wanda kamfanin Check Point ya saya a 2004, ya yi suna da tambaya, haka Little Snitch na Mac, wanda wani kamfanin Ostiriya ke sayarwa, da LuLu wanda a ke bayarwa kyauta. Da manhaja ta nufi ƙofa sai ya tsai da ita, ya tambaye ka, "In bar ta, ko in hana?" Kwanakin farko abin da daɗi, don za ka ga abin mamaki, har manhajar da ba ruwanta da waje tana neman fita. Amma ran da aiki ya yi maka yawa, shugabanka na tsaye a kanka yana jiran takarda, wallahi "bar ta" za ka yi ta dannawa ba ka karanta ba. Ni na yi haka, ba labari aka ba ni ba. Mai gadin da ka koya wa cewa amsarka kullum "i" ce, me ya rage na gadinsa?

Mai shirun kuwa, misalinsa TinyWall na Windows. Shi hana kowa ya ke yi, ba ya tambaya, sai wanda ka kai masa da kanka ka ce wannan nawa ne. Aibinsa, in wata manhaja ta ƙi aiki ba zai ce maka shi ya tsare ta ba, sai ka tuna da kanka. Duk da haka shi na zaɓa wa kwamfutar aiki, don akawu manhaja biyar ko shida ke gare shi na kullum, ya shigar da su sau ɗaya ya huta. Mai son ganin kome da idonsa ya nemi simplewall, ko Windows Firewall Control, wanda ba sabon mai gadi ba ne, linzami ne a ke sa wa na Windows ɗin, kamfanin Malwarebytes kuwa ya saye shi a 2018. Masu Linux suna da OpenSnitch.

A kula da wani abu mai suna svchost.exe. Ba manhaja guda ba ce, kamar ayari ne, ayyukan Windows da yawa a cikinsa su ke tafiya. In ka hana shi gaba ɗaya, kwamfuta ba za ta iya neman adireshin shafi ba, ba kuwa za ta karɓi gyare-gyaren tsaro ba. Kada rowar data ta sa mutum ya toshe gyare-gyaren nan, don su ne yaɓen da ke like tsagar bango. In data ce damuwarka, Windows na da wurin da za ka shaida masa cewa wannan layi a kan awo ya ke, sai ya rage jido.

Ta uku, a duba ko masu shi suna raye, suna kuwa gyara shi. Dā akwai Sygate, mutane suna yabonsa ƙwarai, kamfanin Symantec ya saye shi a 2005, aka daina fid da na gida. Mai gadi a cikin cikin kwamfuta ya ke zaune, yana ganin duk abin da ke wucewa, don haka tsohon da aka yasar, ko wanda aka kwafo daga hannun wani ba a san asalinsa ba, ya fi rashinsa haɗari. A ɗauko daga shafin masu shi. Kada kuma a naɗa biyu masu cin gashin kansu a kwamfuta guda, sai su yi ta ja-in-ja, a rasa wanda ya hana.

Masu wayar Android, ku ma ba a bar ku a baya ba. Akwai NetGuard, wanda ke jera maka manhajojinka, ka zaɓi wadda za ta fita ta data da wadda sai ta Wi-Fi. Dabararsa, yana shiga ta gurbin VPN ne a cikin wayar, gurbin nan kuwa guda ne tak, saboda haka ba ya haɗuwa da wani VPN a lokaci ɗaya.

Wani malamin makaranta ya tambaye ni ko in ya sa wannan ya huta da maganin cutar kwamfuta. A'a, malam. Muguwar manhaja ta kan laɓe bayan wadda ka riga ka yarda da ita, kamar burauzarka, ta fita a inuwarta, mai gadi na kallo. Riga-kafin cuta dabam, gadin ƙofa dabam.

Yau wata biyu ke nan da na naɗa nawa. Manhaja shida na ba izinin fita, data kuwa tana kai ni ƙarshen wata har da saura. In akwai wanda ya jarraba wani irin da ban ambata ba, ina roƙo ya rubuto ta wannan fili mu ƙaru.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.