Fort-Lamy a Hannun Nasara da Zamanin Yaƙin Hitila

Ko da yake tsakanin birnin N'Djamena da bakin teku akwai tafiyar da ta haura kilomita 1,000, wanda duk ya yi nazarin tarihinsa da natsuwa zai tarar ruwa ne asalin kafuwarsa, domin yana zaune ne daidai inda kogin Lagon ya zubo cikin kogin Shari, a mashigin da matafiyi daga Barno zuwa Bagarmi da Wadai ba shi da makawa sai ya sauke kaya ya jira 'yan fito. Wannan mashigi shi ya jawo wa garin fatake da alhazai, shi ne kuma ya jawo masa rundunoni, tun daga ranar da aka aza harsashinsa har zuwa zamaninmu.

Sababin kafa garin kuwa yaƙin Rabe ne. Bayan da Rabe ɗan Fadlallah ya rushe Kukawa a 1893 ya mai da Dikwa mazauninsa, Faransawa, waɗanda ke da burin haɗa mulkinsu na Aljeriya da na Afirka ta Yamma da na Kwango a bakin Tabkin Chadi, suka turo runduna uku ta fuska uku. Ta farko ta keto hamada daga arewa ta biyo ta Agadas, a ƙarƙashin Foureau da Kwamanda Lamy. Ta biyu ta taso daga yamma a ƙarƙashin Voulet da Chanoine, ita ce wadda ta yi ta'asar da ba a manta da ita ba a Birnin Ƙonni da ƙasar Sarauniya Mangu a 1899, har shugabanninta suka halaka a hannun sojojinsu, ragowarta kuma ta ci Damagaram ta wuce gabas. Ta uku ta hauro daga kudu tare da Émile Gentil, mutumin da ya sa aka ɗauko ƙaramin jirgin ruwa gunduwa-gunduwa a kan 'yan dako, aka harhaɗa shi a Shari, ya kai shi tabkin a ƙarshen 1897. Ran 22 ga Afrilu 1900 rundunonin nan suka gamu da Rabe a Kusuri. Aka kashe Rabe, Lamy ma ya sami raunin da ya zama ajalinsa a wannan yini. Amma da yake bisa ga yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a tsakaninsu gaɓar Kusuri rabon Jamus ce, sai Gentil ya haye gaɓar gabas, ran 29 ga Mayu ya kafa bariki a ƙasar Kotoko, ya sa masa sunan mamacin, wato Fort-Lamy.

Bariki ba ya zama gari sai da kasuwa, kasuwa kuwa ba ta ci sai da baƙi. Cikin waɗanda suka fara cika wurin akwai tsofaffin mayaƙan Rabe da iyalansu, da Larabawan Shuwa masu shanu, da Barebari, da Hausawa. Zuwan Hausawa yana da dalili biyu, fatauci da Hajji, sau da yawa ma a jikin mutum ɗaya. Tun bayan da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903, jama'a masu yawa suka yi azamar hijira zuwa gabas; da aka ci Wadai a 1909 hanya ta lafa, sai ayarin alhazai ya riƙa bi ta Maiduguri da Dikwa da Kusuri, a yi fito zuwa Fort-Lamy, daga nan sai Abeshe da Janaina da Fashar, har a kai inda jirgin ƙasa yake a Sudan, a gangara Sawakin a shiga jirgin Jidda. Tafiya ce ta shekaru, ba ta watanni ba. Mutum ya taso daga Kano da jakinsa da iyalinsa, guzuri ya ƙare masa a bakin Shari, sai ya nemi mai masauki a zango, ya kama sana'ar da ya iya: mahauci ya kafa tukuba, baduku ya zauna da basillarsa, malami ya tara almajirai, mai ɗan jari ya kasa goro ko ya sari bandar kifi ya kai Barno. Wani ya tara abin da ya tara ya ci gaba. Wani kuwa aure da haihuwa suka riƙe shi, niyyar Hajji tana nan a zuciya, har aka binne shi a garin. Wani masani, John Works, ya rubuta littafi sukutum a kan waɗannan al'ummomi na Hausawan Chadi, aka buga shi a 1976.

Su kuwa Faransawa, ko da suka mai da Chadi ƙasa mai gwamnanta a 1920, Fort-Lamy ta zama hedikwata, ba su kashe mata wani abin kirki ba, har ya zama ma'aikatansu suna ɗaukar turawa can tamkar horo. A 1937 mutanen garin ba su wuce kimanin 10,000 ba. Abin da talakawa suka fi sani na mulkin shi ne haraji da aikin tilas, musamman mutanen Sara na kudu, waɗanda aka ɗora wa noman auduga, aka kuma kwashi dubbansu zuwa aikin hanyar jirgin ƙasa ta Kwango tsakanin 1921 da 1934, inda da yawa ba su komo ba. Malamai ma ba su tsira ba, domin kisan gillar da aka yi wa ulama'u a Abeshe a 1917 ya sa da yawa daga cikin masu ilmi suka ƙaurace wa ƙasar. Ta fuskar tijara kuwa, ko da yake umarni daga Brazzaville yake zuwa, cikin garin a Nijeriya yake: shanu su tafi Maiduguri da Kano a ƙafa, tufafi da goro da kananzir su zo ta hanyar da suka bi, tun ba da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da Nguru a 1930 ba.

Wannan dogaro da ƙasar Ingilishi shi ya yi hukunci sa'ad da Yaƙin Hitila ya zo. A watan Yuni 1940 Jamus ta murƙushe Faransa, Marshal Pétain ya sallama, daga bisani ya kafa gwamnati a Vichy, Janar de Gaulle kuwa ya tsere Landan yana kiran a ci gaba da yaƙi, alhali ba shi da ko taƙin ƙasa da zai ce tasa ce. Gwamnan Chadi a lokacin Félix Éboué ne, baƙar fata haifaffen Cayenne a Amurka ta Kudu, wanda ya daɗe yana aiki a Afirka ta Tsakiya. Ya san aƙidar Hitila game da baƙar fata, ya kuma san cewa in ya bi Vichy, Ingilishi za su rufe iyaka, auduga ta ruɓe a rumbu, shanu su rasa mai saye, ga kuma Italiyawa a Libiya suna haƙon arewacin ƙasar. Saboda haka ya aika wa hukumar Ikko, inda Gwamna Bourdillon ya ba shi tabbacin ciniki da taimako. Wakilan de Gaulle, René Pleven da Colonna d'Ornano, suka sauka Fort-Lamy ta jirgin sama. Ran 26 ga Agusta 1940 aka yi shelar cewa Chadi ta bi de Gaulle. Kashegari Kamaru ta bi sahu, ran 28 kuma Brazzaville. Nijar kuwa ta tsaya a hannun Vichy har ƙarshen 1942, ta yadda Bahaushen Damagaram da ɗan'uwansa na Fort-Lamy, duk talakawan Faransa ne, suka wayi gari a ɓangarori biyu masu gaba da juna, a kan rigimar da ba a shawarci ko ɗayansu ba.

Fa'idar da Ingilishi suka samu nan take ta bayyana. Da yake Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwansu, sai suka riƙa kawo jiragen sama na yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su, sa'an nan a tashe su ƙungiya-ƙungiya, babba ɗaya yana gaba yana nuna hanya ƙanana suna biye, su bi ta Ikko da Kano da Maiduguri da sararin Fort-Lamy da Janaina da Fashar da Hartum, har Alƙahira. Tun daga Satumba 1940 dubban jirage suka bi wannan tafarki, wanda, in aka duba taswira, kusan sawun alhazai ne aka ɗaga sama. Ta ƙasa kuma Kanar Leclerc, hafsan de Gaulle, ya iso Fort-Lamy a Disamba 1940, ya ɗauki 'yan ɗaruruwan soja, mafi yawansu baƙar fata, ya keta hamada ta Faya, ya karɓe Kufra daga hannun Italiyawa ran 1 ga Maris 1941, a can ne kuma ya yi rantsuwar ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a Strasbourg.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda kowace gangar fetur ta isa bakin daga. Wata ta hauro Binuwai zuwa Garwa lokacin cikar ruwa, wata ta biyo jirgin ƙasa ta Nijeriya, wata ta zo ta Bangi. Daga nan sai motoci a kan hanyar da damina ke mayarwa taɓo, sai fito a Shari, sa'an nan raƙuma da motoci su nufi arewa. Duk wannan da gumin leburori da 'yan dako da masu raƙuma aka yi shi, akasarinsu ba da son ransu ba. Jamusawa ma sun gane muhimmancin wurin, domin ran 21 ga Janairu 1942 wani jirginsu guda ɗaya tak, ƙirar Heinkel, wanda ya taso daga Libiya ya sha mai a wani ɓoyayyen fili cikin hamada, ya bayyana a kan garin ba zato ba tsammani, ya zuba bama-bamai a ma'ajiyar mai ta filin jirgi, kimanin lita 400,000 ta ƙone, tattalin watanni ya tafi cikin sa'a guda. A hanyar komawa man jirgin ya ƙare, ya sauka cikin rairayi, sai bayan kwanaki aka ceto mutanensa. Duk da haka Leclerc ya sake shiri, ya ci Fazzan, ya haɗu da rundunar Ingilishi a Tarabulus a ƙarshen Janairu 1943.

A nan ne adalcin tarihi ya gaza. Sa'ad da aka zo kafa rundunar tankoki wadda za ta shiga Faransa, sai aka tsame baƙaƙen sojoji daga cikinta aka maye gurbinsu da farare, ta yadda rundunar da ta shiga Paris a Agusta 1944, ta kuma cika rantsuwar Kufra a Strasbourg cikin Nuwamba, tana ɗauke da sunan Chadi a tutar ɗaya daga cikin ƙungiyoyinta, amma 'ya'yan Chadi da suka faro tafiyar ba sa ciki. Éboué kansa bai ga ƙarshen yaƙin ba, ya rasu a Alƙahira a Mayu 1944. Sai dai yaƙin ya buɗe idon jama'a: aka soke aikin tilas a 1946, Gabriel Lisette ya kafa jam'iyyar PPT a 1947, garin ya yi ta bunƙasa, har aka sami mulkin kai ran 11 ga Agusta 1960, a 1973 kuma Shugaba Tombalbaye ya kawar da sunan Lamy ya sa N'Djamena.

Mamayar da garin ya tsallake a zamanin Hitila ta riske shi daga baya. Fitinar da ta tashi a 1979 ta kai ga zaman sulhu a Kano, amma a 1980 yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin Goukouni Weddeye da Hissène Habré wata tara cur, jama'a suka yi ta tserewa Kusuri cikin kwalekwale, har sojojin Libiya suka shigo da tankoki a Disamba, suka zauna sai Nuwamba 1981. Bayan an gina gada a Ngeli a tsakiyar shekarun 1980 aikin 'yan fito ya ragu, amma dogaron da ya tilasta wa Éboué neman Ikko bai canja ba. Shaida kuwa ita ce, da fitinar Boko Haram ta toshe hanyar Gamboru da Dikwa wajen 2014, sai da dillalan shanu suka riƙa yin dogon zagaye ta Nijar ko ta cikin Kamaru kafin su kai kasuwannin Nijeriya, aka kuma ji raɗaɗin abin a N'Djamena da Maiduguri lokaci guda. Maslahar garuruwan nan a ɗaure take da juna tun kafin a ja iyakar da ta raba su, kuma duk hukumar da ta yi sakaci da amincin wannan hanya, talakawan gaɓa biyu ne za su biya.