Me Ya Sa Batirin Babur Ke Saurin Mutuwa A Batterie IV?

Jama'a, akwai wani koke da ya yawaita a bakin 'yan uwanmu masu babur, ko moto kamar yadda aka fi faɗa a nan Libreville, musamman masu aiki a unguwar Batterie IV, watau masu gadin gidaje da ofisoshin jakadanci da masu kai saƙo. Mutum ya sayi batir sabo fil, bai ko shekara ba, wata safiya ya danna sitata ya ji shiru. Ga ruwan sama, ga maigida na jira, sai turi. Abin dariya, unguwar da sunanta ma batir ne ita ce ke cinye wa mutane batir!

Akasari mai shago ake ɗora wa laifi, a ce jabu ya sayar. Jabun kaya akwai su a kasuwa, ba mu musu ba. To amma sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau aka sayo shi, gajeruwar tafiya ce ta kashe shi.

Ga yadda abin yake. Batirin babur na darma ne da ruwan asid, irin wanda Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro tun shekarar 1859. Ba ya yin wuta da kansa, ajiya kawai yake yi. Duk lokacin da ka tayar da inji ka ɗebi wani abu daga ajiyar, kuma injin ne zai mayar idan ya ɗau gudu. To, ƙaramin babur mai inji 125 ba ya ba da wutar kirki idan yana tsaye yana kaɗawa a hankali. Ɗan abin da yake bayarwa kuwa fitilar gaba da ta birki da sigina sun raba, ga kuma wayar salula da aka maƙala tana caji. Wanda ya tashi daga Batterie IV ya nufi Louis, ko ya gangara kasuwar Mont-Bouët cikin cunkoson tasi, ya kashe ya tayar sau biyar ko shida kafin azahar, kullum ɗiba yake yi fiye da zubi. Tamkar ɗan tireda ne mai cin uwar kuɗi, ba a rana ɗaya ake ganewa ba.

Babbar illar ita ce wadda ido ba ya gani. Batirin da ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri ne ke taruwa a kan farantan darmar da ke cikinsa. Idan ana cika shi a kai a kai gishirin narkewa yake yi. Idan kuwa aka bar shi makonni rabi-da-rabi, sai ya daskare ya yi tauri, daga nan ko an kwana ana caji ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba. Wannan ne ya sa za ka ga an kai batir wurin mai caji, ya yi kwana biyu yana tashi, rana ta uku ya koma gidan jiya.

Yanayin garin nan ma bai taimaka ba. Zafi na sa batir zubar da wutarsa ko ba a taɓa shi ba, yana kuma ƙafar da ruwansa. Bugu da ƙari Batterie IV dab da teku take, iskar gishiri da laima na sa kawunan batir su yi farin tsatsa, wutar da inji ya aiko ba ta shiga sosai. A lokacin manyan ruwa, daga Oktoba zuwa Disamba, wasu kan jingine babur kwanaki su koma tasi, nan ma batirin na ta raguwa.

Kafin ka zargi kowa, nemi makanike mai mitar awo. Batirin da ya kwana bai yi aiki ba, idan cikakke ne zai nuna volt 12.6 ko sama kaɗan. Idan ya nuna 12.2 ya kai kusan rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Sa'an nan a tayar da inji a ba shi wuta: ya kamata mitar ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ba ta hau ba, matsalar tana ga koyil ko regileta, kuma ko batir goma ka saya haka za su mutu ɗaya bayan ɗaya.

Magani mafi arha shi ne doguwar tafiya sau ɗaya a mako, minti 30 zuwa 40 ba tsayawa. Ranar Lahadi da sassafe, kafin hanya ta cika, mutum na iya miƙewa Ntoum, kusan kilomita 40, ko ya nufi wajen Cap Estérias. Barin inji yana kaɗawa a ƙofar gida ba ya maye gurbin wannan, mai kawai ake ƙonawa. Mai kik a babur ɗinsa ya riƙa amfani da shi a tashin farko da safe. Masu sababbin babura marasa kafireta su kula sosai, domin famfon mansu da batir yake aiki, idan ya mutu sarai ko turi ba lallai ya tayar ba.

Wanda ba shi da lokacin tafiya, ƙaramar caja ta babur ce mafita, kuma mutum uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su saya. A yi caji a hankali, kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin batirin: mai lamba 5Ah a ba shi rabin amfiya na kamar awa 10. Cajar mota mai ƙarfi dafa shi take yi. In batirin mai murafu ne, a duba ruwansa duk wata, a ƙara tataccen ruwan batir kaɗai, ban da na famfo, ban da ƙarin asid. Kawunan kuma a wanke su da ruwan ɗumi da ɗan bikarbonat, a ɗaure da kyau, a shafa basilin.