p53

p53 wani furotin ne da ke cikin tantanin jikin ɗan Adam da na dabbobi da yawa. Aikinsa shi ne hana tantanin da DNA ɗinsa ya lalace ci gaba da rabuwa. An gano shi a shekarar 1979, kuma ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi, wato TP53, tana kan kuromosom na 17.

Yadda tantani ke sarrafa yawansa

Lafiyayyen tantani ba ya daina ƙera p53, amma da an ƙera shi sai a rushe shi, har rabinsa kan ɓace cikin kimanin minti 20. Wani furotin mai suna MDM2 ne ke liƙa masa jerin yubikwitin, ƙaramin furotin mai amino asid 76 da ke zama alamar abin da za a rushe. Daga nan sai furotiyasom, wani injin tantani mai siffar ganga, ya ja shi ciki ya daddatsa shi. Gano wannan hanya ta yubikwitin ne ya sa Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose suka sami kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2004.

Wannan ya yi kama da asara, amma shi ne ke ba tantani sauri. Idan DNA ya tsinke, inzayim irin su ATM kan liƙa wa p53 da MDM2 sinadarin fosfet, sai MDM2 ya kasa riƙe shi. Tunda rushewa ta tsaya, p53 yakan taru nan da nan, ya dakatar da rabuwar tantani har a yi gyara. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya sa tantanin ya kashe kansa. Shi kansa p53 ne ke ƙara yawan MDM2, don haka bayan gyara yawansa yakan sauka. Ɓerayen da aka cire musu MDM2 suna mutuwa tun suna ciki, saboda p53 ya yi musu yawa.

Alaƙarsa da ciwon daji

Kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam suna da TP53 da ya gurɓata. A wasu kuma ƙwayar gadon lafiya take, rushewar ce ta wuce kima. Ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa mafi yawan sankarar bakin mahaifa, tana ƙera furotin E6, wanda ke sa a liƙa wa p53 yubikwitin ko da DNA ya lalace.