Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Sa Bindiga Tsatsa Alhali Tana Kulle A Akwati?

Wani mai sauraronmu, manomi kuma maharbi daga ƙasar Zazzau, ya aiko da wasiƙa yana cewa, bara da damina ta kama ya naɗe bindigarsa ta farauta da tsumma, ya sa a akwatin ƙarfe ya danna kwaɗo saboda yara. Da kaka ta yi ya buɗe, sai ya tarar tsatsa ta ci ta har cikin bututu. Yana tambaya, ta ina ruwa ya shiga, alhali ɗakinsa ba ya yoyo?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Kulle bindiga saboda yara ka yi daidai, kada ka fasa. Amma ruwan da kake cigiya ba ta rufin ɗaki ya shigo ba, da hannunka ka kulle shi a ciki tare da bindigar.

Ga yadda abin yake. Tsatsa ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu: ƙarfe, iska da ruwa. Ita kuwa iskar da muke shaƙa kullum tana ɗauke da ruwa wanda ido ba ya gani, shi ne danshi. Iska mai zafi ta fi mai sanyi iya riƙe shi. In aka auna fili mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, iskar da ke ciki tana iya riƙe ruwa kamar giram 30 idan zafi ya kai digiri 30, amma in ya sauko digiri 20, giram 17 kawai take iya riƙewa. To ina sauran zai tafi? Sai ya sauka a kan abin da ya fi sanyi a wurin, wato ƙarfe. Ka dai ga yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi in an ajiye ta a tebur. Haka bindigarka ta riƙa yi da asuba a cikin akwatin, wata da watanni, kuma babu ƙofar da gumin zai bi ya fita.

Masana suna auna danshi da kashi cikin 100. In ya haura kashi 60, tsatsa ta samu gindin zama. A ƙasar Hausa kuwa, cikin watan Agusta lokacin marka, yakan kai kashi 80 ko fiye. Abin da ake so a ma'ajiyar bindiga shi ne tsakanin kashi 40 da 50.

Sai kuma tsumman nan da ka naɗe ta da shi. Tsumma da fata da buhu duk suna shan danshi su riƙe, sannan su manne da jikin ƙarfe. Kube na tafiya daji ne, ba na ajiya ba. Hannunka ma yana da nasa laifin, domin zufa akwai gishiri a ciki, shi ya sa wani lokaci za ka ga tsatsa ta fito da siffar yatsa sak.

Babban abin da muke zargi dai shi ne tokar albarushi, in bindigar taka ta ɗuri ce. Baƙin da ke saura a bututu bayan harbi yana jawo ruwa daga iska kamar yadda gishiri ke jiƙewa a kasko da damina. Mai kawai ba ya fitar da shi. Bayan ka tabbata babu ɗuri a ciki, sai ka wanke bututun da ruwan zafi, ka yi ta zura tsumma mai tsabta har ya fito fari, ka bar shi ya bushe ƙarau, sannan ka shafa mai. A ranar da ka yi harbi za ka yi wannan, ba bayan mako ba. Kada ka raina tsatsar cikin bututu, ita ce mai kisa. Tana cin ƙarfen daga ciki tana yin ramuka inda ba ka gani, ran da aka ɗura albarushi sai bututun ya tsage a hannun mai shi. Saboda haka wannan bindiga taka, kada ka sake harba ta sai wanda ya san aikin ya duba ta.

Maganar mai, nemi man keken ɗinki ko man bindiga, ka shafa kaɗan-kaɗan, yadda ƙarfen zai yi sheƙi ba tare da ɗiga ba. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo, baƙin man mota kuwa cike yake da dauɗar inji. Bayan shafawa ka jingine ta baki ƙasa na kwana ɗaya ko biyu, don kada man ya gangara ya jiƙa katakon gindi ya lalata shi.

Yanzu sai akwatin kansa. A Amurka, inda mutane da yawa ke da manyan akwatunan ƙarfe na ajiye bindigogi, hanya biyu suka fi bi. Ta farko wani ɗan sanda ne mai aiki da lantarki, ana sa shi a ƙasan akwati yana ɗumama iskar ciki kaɗan, don kada ƙarfe ya yi sanyin da zai yi gumi. Wannan sai mai wuta dare da rana, ka ga ba namu ba ne. Ta biyu ita ce mai sauƙi: silika. Ka san ƴan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar tsakuwa da ake tararwa a kwalin sabon takalmi ko rediyo ko robar magani? Su ne. Aikinsu shan danshi, suna iya shan ruwan da ya kai sulusin nauyinsu. Ƙunshi ɗaya ko biyu ba za su yi maka komai ba, sai ka tara cikin gwangwanin madara guda, ka huda murfin, ka sa a kusurwa. In kana da aboki mai shagon takalma, ka roƙe shi ya daina zubarwa. Sai dai fa suna ƙoshi. Akwai masu launin shuɗi da ke komawa ja-ja in sun cika, wasu ruwan lemo su koma kore. In sun ƙoshi sai a zazzage ƙwayoyin a faranti na ƙarfe a gasa su a wuta marar ƙarfi, kamar digiri 120, na awa biyu, su koma aiki. A kiyaye su daga yara.

In silika ta gagara, busasshen gawayi a kwano yana taimakawa kaɗan, a riƙa shanya shi a rana ana mayarwa. Gishiri da kanwa kuwa, ko kusa kada ka sa. Gaskiya ne suna jan ruwa, amma in suka narke suka taɓa ƙarfe, ka sayo tsatsa da kuɗinka.

Ɗora akwatin a kan katako ko bulo, ka janye shi daga jikin bango, domin daɓe da bango suna tsattsafo da laima. Ka zaɓi rana mai haske da hantsi ka rufe shi, ba da asuba ko bayan ruwa ba. Duk mako biyu ka buɗe ka duba, ka goge, ka sake shafa mai in da bukata. Albarushi da harsashi a ajiye su daban, nesa da wuta, kuma kada a taɓa ajiye bindiga da ɗuri. Takardar lasisinka ma a raba ta da akwatin, tunda laimar da ke cin ƙarfe tana cin takarda.

Da hunturu labari yakan juya, danshi ya faɗi ƙasa da kashi 20, tsatsa ta yi sauƙi amma katako ya bushe ya tsage. A lokacin sai ka fitar da silikar ka adana ta a kwalba mai murfi har damina ta dawo. Masu sikeli da keken ɗinki da masu ajiye garma da lauje, wannan bayani ya shafi kayanku ku ma.