Iska Mai Warin Baragurbi: Guba Ce ko Magani?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, duk wanda ya taɓa fasa baragurbin ƙwai ya san warin iskar da masana ke kira haidirojin salfaid. Tana taruwa a salga da tsohuwar rijiya, domin ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. Idan ta yi yawa takan kashe jin wari, har mutum ya zaci ta tafi. Daga nan sai ta hana ƙwayoyin jiki amfani da oksijin, mutum ya faɗi sumamme.

Abin mamaki, jikinmu da kansa yana yin 'yar kaɗan daga cikinta. Aikinta shi ne sassauta jijiyoyin jini su buɗe. A 2008 masana suka nuna cewa ɓerayen da aka rage wa ikon yin ta sun kamu da hawan jini.

To, ina ruwanta da mai ciwo mai tsanani? Idan mutum ya zubar da jini da yawa, ko ƙwayoyin cuta suka mamaye jininsa, ƙarfin bugun jini yakan faɗi, har ƙoda da ƙwaƙwalwa su rasa oksijin. Likitoci na kiran wannan hali "shok". A gwajin dabbobi an ga iskar nan tana ƙaruwa a wannan hali, ta ƙara buɗe jijiyoyi, jini ya daɗa faɗuwa. Amma kuma an ga 'yar kaɗan ɗinta tana kare zuciya daga lalacewa. Watau zuma ce, ga zaƙi ga harbi.

A 2005, a birnin Siyatil na Amurka, Mark Roth da abokan aikinsa suka shaƙa wa ɓeraye ita kaɗan. Jikinsu ya yi sanyi, aikinsa ya ragu da kashi 90 cikin 100, bayan sa'a 6 aka ba su iska mai kyau suka farfaɗo. Aka sa rai haka za a tanadi ran majiyyaci kafin a kai shi asibiti. Sai dai da aka gwada shaƙa wa tumaki da aladu, abin bai yiwu ba.

Saboda haka mu bar wa masana bincikensu. Namu shi ne, idan wani ya suma a rijiya ko salga, kada mu faɗa ciki don ceto, mu zama gawa ta biyu. A kira ma'aikatan kashe gobara. Allah ya kiyashe mu, amin.